Miliyan 7 a hannu, mutum takwas a gida: sabuwa, 'yar Kwatano ko ta hannu?

"Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Daura. Shekara huɗu ke nan ina tara kuɗi, da adashi da ɗan abin da gona ke bayarwa, yanzu ina da naira miliyan 7. Mu takwas ne a gida: ni da maiɗakina da yara biyar, sai mahaifiyata da nake kai ta asibiti Katsina duk wata. Babur ya daina isar mu. Wani abokina ya ce in ci bashin banki in ɗauko sabuwa dal in huta da gareji. Wani ya ce in nemi 'yar Kwatano. Ƙanena kuma ya samo min wata ta hannu a nan cikin gari. Kaina ya ɗaure. Wacce ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi irina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa albarka a abin da aka tara. Na fi shekara ashirin ina aikin kanikanci a Katsina, kuma kusan rabin aikina yanzu shi ne raka mutane duba mota kafin su biya, don haka wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurina. In na fahimce ka, abin da kake nema mota ce da za ta ɗauki iyalinka, ta kai Inna Katsina ta dawo da ita lafiya, ba tare da ta cinye albashin da ake ci da shi ba. To, bari in fara da abin da nake gaya wa duk wanda ya zo min da wannan magana: kuɗin da za ka miƙa wa mai mota ranar ciniki somin taɓi ne. Sauran kuɗin wata-wata za ka riƙa biyan su, a gidan mai da gareji da shagon kayan gyara. Wanda ya zuba duk abin da ke hannunsa a ranar farko, shi ne za ka tarar da motarsa a ƙofar gida bayan wata shida, tayoyi sun sace, awaki na kwana ƙarƙashinta.

Kasuwar ma ba yadda muka san ta take ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta tashi, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 ɗin kuma aka saki naira a kasuwar canji. Tunda mota da kayan gyaranta da kuɗin kwastan duk da dala ake lissafa su, komai ya bi dalar ya hau. Shawarar da ta yi wa mutum amfani a 2020 tana iya kai shi ta baro yau.

Maganar sabuwa dal

Abokinka bai yi ƙarya ba. Sabuwar mota tana da daɗi, babu wanda ya taɓa kwance mata ko ƙusa ɗaya, kuma kamfani yana ba da garanti, galibi shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Sai dai miliyan 7 ba ta kai rabin kuɗin sabuwar motar iyali ba, ko da cikin waɗanda ake haɗawa a gida ne, irin Innoson ta Nnewi ko Fijo ta Kaduna. Ke nan abin da za ka ci bashi ya fi abin da ke hannunka. Ɗauki biro ka raba wannan kuɗi da ribar banki a kan wata 36 ko 48, ka ajiye shi kusa da albashinka. Na tabbata lissafin zai ba ka amsa da kansa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ, waɗanda ke sayen motar su sayar maka da riba sananniya, abin da ake kira murabaha. Hukuncin wannan da na bashin ruwa malamai za ka tambaya, ba fagena ba ne. Abin da ke fagena shi ne, ko ta wace ƙofa aka shiga, biyan wata yana nan, kuma ba ya jiran a sayar da gero.

Sannan garantin nan yana da sharaɗi: sai ka riƙa kai motar sabis wurin wakilin kamfani, wanda yawanci Kano ko Kaduna ko Abuja za ka same shi. Ga mutumin Daura, kowane juyen baƙin mai ya zama tafiya. Ni dai, ga mai albashin koyarwa da 'ya'ya biyar a makaranta, na ajiye sabuwa a gefe.

'Yar Kwatano, da abin da ƙyalli ke ɓoyewa

Abin da muke kira 'yar Kwatano, ko Beljiyam, ko tokumbo a bakin mutanen kudu, mota ce da aka yi amfani da ita a Amurka ko Kanada ko Turai, aka ɗoro ta a jirgin ruwa. Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, inda shekara da shekaru motocin ke sauka, wasu su biyo ta Nijar su shigo mana ta Maraɗi. Alherinta a fili yake: ta yi rayuwarta a kan titi mai kyau, da mai mai kyau, kuma hannun kanikawanmu bai taɓa ta ba tukuna. In aka dace da tagari, za ta yi maka shekara uku ko huɗu ba ta nemi komai ba sai baƙin mai da birki.

Amma a wannan kasuwa ne aka fi yi wa ido kwalliya. Da yawa daga motocin Amurka da ke zuwa da araha, daga gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, wato motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya shanye su, kamfani ya ga gyaransu ya fi kuɗinsu. Mai hatsari ma da sauƙi, in bugun bai taɓa shasi ba. Wadda ta sha ambaliya ita ce babbar masifa, don ciwonta a cikin waya yake, kuma a hankali yake fitowa.

Akwai wani bawan Allah da ya kira ni in duba masa wata Camry a wani wurin sayar da motoci. Fenti kamar madubi, injin yana kaɗawa shiru, an fesa turare a ciki har yana hawa kai. Turaren ne ya fara ba ni tsoro. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layi ruwan ƙasa ya ratsa shi, daidai inda ruwa ya tsaya. Na tura kujerar baya, ƙarfen da take gudu a kai ya yi tsatsa ja. Na ɗaga kafet ta wajen ƙafar direba, na sa yatsa, na fito da busasshen laka mai laushi kamar garin lalle. Na cire tayar safaya a but, nan ma laka ce kwance a lungu. Mai saye ya riga ya ba da kafin alƙalami, ransa ya ɓaci, amma ya haƙura da shi. Da ya ɗauke ta, yau gilashi zai ƙi sauka, gobe fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, jibi giya ta ƙi canzawa, kuma babu mai wayar da zai iya cewa ga ƙarshen abin.

Kada kuma ka yarda da lambar tafiyar da ke kan dashbod. Ana mayar da ita baya cikin minti kaɗan. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka 120,000 da ka gani ta kusa kilomita 200,000. Ka dubi robar fedar birki, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba. In sun suɗe sun yi santsi alhali lamba na cewa motar yarinya ce, lambar ce ke ƙarya. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. In motar Amurka ce, da wannan lamba ake binciken tarihinta a intanet, wani lokaci har hotunan ranar gwanjonta a gani. Sa wani yaro mai waya ya yi maka, kuɗin binciken bai kai na taya ɗaya ba.

Sai takardu, kuma mu da ke bakin iyaka wannan ya fi shafa. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan tudu, aka ce sai ta tashoshin ruwa. Amma kowa a Jibiya da Kwangwalam da Mai'adua ya san motoci ba su daina biyo daji ba. Irin waɗannan su ne ake yi maka tayinsu da rangwame mai daɗi, a ce takarda "ana kan yi", ko a miƙo maka takardar kwastan da aka buga a shago. Za ka iya shekara kana yawo da ita cikin Daura lafiya lau, ranar da ka nufi Kano da iyali a tsayar da kai a hanya, a sauke yara a bakin titi, a wuce da mota. Na ga dattijo yana hawaye a kan wannan. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki takardar kwastan da lambar shasi ka je ofishin kwastan da ke Katsina da ƙafarka a tabbatar maka. Mai motar da ya ƙi yarda a je, ya riga ya ba ka amsa.

Da miliyan 7, 'yar Kwatano mai lafiya da cikakkiyar takarda za ta cinye kuɗin gaba ɗaya, in ma sun kai. Wadda za a sallama maka ƙasa da haka sosai, akwai dalili, kuma dalilin yana cikin abubuwan da na lissafa.

Ta hannu: wa ya riƙe ta?

Mutane suna raina ta hannu, suna cewa sayen ciwon wani ne. Wani lokaci haka ne. Amma tana da abu ɗaya da 'yar Kwatano ba ta da shi: ana iya sanin tarihinta. A gari kamar Daura, in ka yi tambaya kwana biyu za ka san wanda ya hau ta, da bakaniken da ke duba ta, da ko ta taɓa faɗuwa a hanyar Mashi, da dalilin sayarwa. Motar ma'aikacin da ya yi ritaya, ko ta hajiyar da ba ta wuce gida da makarantar yara da gidan biki, ta fi min 'yar Kwatanon da ban san inda ta kwana ba. Wadda ta yi haya kuwa, irin Golf ɗin da ke jigila tsakanin Katsina da Jibiya ko Batsari da buhuna har saman but, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Haka wadda ta ratsa hannu huɗu ko biyar cikin shekara biyu. Kowa ɗanɗanawa ya yi ya tofar.

Ciwon ta hannu yawanci mu kanikawa ne muke sa mata shi, kuma gara in faɗa. Na farko, cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin. Akwai tsohon zance cewa wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a zafinmu sai a cire, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayarwa. Kuskure ne. An ƙera injin ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90, in bai kai ba kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai. Ga shan mai, ga cin ringi. Na biyu, zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya injin. Buɗe murfin lagireto da safe, in ka ga ruwa ja kamar kunun kanwa, tsatsa ta riga ta kama ciki, kuma zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, shi zai tona asiri. Na uku, indomi, wato abin tace hayaƙin da ke cikin salansa. Yana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, shi ya sa ake fasa salansa a kwashe a yi walda. Leƙa ƙarƙashi, in ka ga sabuwar walda a tulun salansa, ka rage kuɗinsa a ciniki.

Wace iri, tunda ku takwas ne

Nan ne na san zuciyarka za ta karkata ga Sienna, kuma da gaskiyarta, don tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas a sake, ga wurin kaya. Mota ce mai ƙwari. Amma injinta mai silinda shida ne, lita 3.3 a ƙirar 2004 zuwa 2006, lita 3.5 daga 2007. Daura zuwa Katsina wajen kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. A abin da na saba gani, Corolla mai injin lita 1.8 da ke da lafiya za ta yi wannan tafiya da lita 12 zuwa 14, Sienna kuwa sai ta nemi wajen 20. Cikin gari, da tsaye-tsaye da na'urar sanyi a kunne, tazarar ta fi haka. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: sau nawa a shekara ku takwas ɗin za ku shiga mota lokaci ɗaya? In Sallah biyu ce da biki ɗaya ko biyu, ya fi sauƙi ka ɗauki shatar mota a waɗannan ranaku, da ka shekara kana shayar da silinda shida don kai yara makaranta. Ranar asibiti kai ne da Inna da mai riƙe ta, kujera biyar ta isa. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne cusa yara biyar a bayan Corolla a hau babban titi. In har tafiyar ku duka ta yawaita, to Sienna ce, ka shirya wa manta.

Cikin ƙanana, Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 ita nake fara ambata wa mai irin kuɗinka. Injinta da sarƙa yake aiki ba bel ba, ba ta da tarkacen lantarki da yawa, duk bakaniken da ke Daura ya san ta, kayanta kuma in babu a Katsina, akwai a Ƙofar Ruwa a Kano, a sa maka a mota da safe ya iso da yamma. Pontiac Vibe da Toyota Matrix injinsu ɗaya da ita, kuma bayansu ya fi ɗaukar kaya. Camry 2002 zuwa 2006 ta fi faɗi, Inna za ta fi jin daɗin zama. Camry 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 an san da yawansu da cin baƙin mai, sai an lura. Honda Accord 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD, mutanenmu suna son ta, tana da daɗin tuƙi, amma ƙafarta ta gaba tana son kulawa, in aka yi sakaci da bol-jon, wato mahaɗar da ke riƙe taya, tayar na iya ficewa ana cikin tafiya, kuma giyarta ba ta yafe man da ba nata ba. Fijo 406 ta san hanyoyinmu, sai dai ta tsufa, samun mai lafiyar waya sai an tona. Duk motar da za ka zama kai kaɗai ke da irinta a gari, bar ta, komai arharta. Haka wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu.

Ranar dubawa da rabon kuɗi

Ga yadda zan raba kuɗin da a hannuna suke. Kada motar ta wuce miliyan 5 da rabi, har da la'adar dillali. Sauran miliyan ɗaya da rabi ba ajiya ba ce, kuɗin mota ne su ma. Daga ciki za a yi canjin suna da sabunta takardu, da inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Daga ciki za a juye baƙin mai da man giya da ruwan lagireto, a sa sabbin fulogi da matatar iska, don ƙurar hunturunmu ba ta barin matata ta daɗe. Wataƙila batir. Kusan tabbas tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya, kuma tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi da iyali a ciki ba abin wasa ba ce. Abin da ya rage bayan wannan, a bar shi ya kwana don gyaran farko da zai zo ba sallama.

Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, ko da ƙanenka ne ya haɗa cinikin. Zumunci daban, ciniki daban, kuma yin haka shi zai tsare zumuncin. Ku je da sassafe, ku ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Sa hannu a kan injin ka ji ko da ɗumi, don injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A tayar kana tsaye a baya: hayaƙi shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da bai ɗauke ba gasket ne, baƙi kuma mai ne ke wuce ƙima. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai, ku yi sallama. Da aka murɗa makulli, fitilar injin da ta jakar iska su kama sannan su mutu. In ba su kama ba sam, an cire ƙwan ne don a rufe laifi. A sa kwamfuta a karanta. A hau rami a dubi shasi da ƙafa da inda mai ke ɗiga. Sannan ku hau titi, ba zagayen unguwa ba, ku yi kilomita 15 ko 20 a hanyar Katsina da na'urar sanyi a kunne, ku ji yadda giya ke shiga, ku taka birki da ƙarfi sau ɗaya, ku saki sitiyari kaɗan ku ga ko tana ja gefe. Da kun dawo a bar ta tana aiki minti goma a tsaye, ido a kan allurar zafi.

In ta tsallake, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, da lambar shasi da ta injin, da hoton katin shaidar mai sayarwa, a tabbatar sunan da ke takardar mallaka shi ne na wanda ke karɓar kuɗi, ko kuma akwai takardar da ta haɗa su. A biya ta banki don ya zama akwai shaida. Motar sata ma da takardu take zuwa, don haka a kai lambobin wurin 'yan sanda a duba.

Duk da haka ban ga motar da ƙanenka ya samo ba, kuma ko na gan ta, ba na ganin cikin giya da idona. Na taɓa duba mota na ce lafiyarta ƙalau, bayan wata uku giyar ta zube, abin ya daɗe yana damuna. Dubawa tana rage hatsari ne sosai, ba ta kawar da shi, shi ya sa na nace a kan kuɗin da za a bari a gefe. Amma a kan abin da ka faɗa min, ta hannun nan ita za ka fara bi. Tambayi ƙanenka ƙirar wace shekara ce, hannu nawa ta ratsa, wane gareji ake kai ta, kuma ina takardar kwastan ta asali. In amsoshin sun yi daɗi, ku sa ranar Asabar da safe a duba ta. In ba su yi ba, kuɗinka su ci gaba da zama a banki, bayan Sallah da lokacin biyan kuɗin makaranta masu sayarwa suna yawaita, kuma a lokacin mai kuɗi a hannu shi ke yanka farashi.